Me Ya Sa Ake Cire Kuɗi Su Maƙale a Hanya? Fashin Baƙi Kan Yadda Manhajoji Ke Kiran Juna

Tun lokacin ƙarancin takardun naira a farkon shekarar 2023, sa'ad da dole ta sa 'yan kasuwa da masu saye suka koma tura kuɗi ta waya, akwai tambayar da ba ta daina yawo a bakin mutanen Kaduna ba: ta yaya za a cire kuɗi daga asusun mutum, saƙon cirewa ya iso masa, amma wanda aka tura wa ya ce bai ga komai ba? Daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi zuwa rumfunan masu POS na Kawo da Tudun Wada, amsar da ake bayarwa ɗaya ce, wato "netwok ne". A lokaci guda kuma, matasan da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna tasu muhawarar, ko ya kamata a rarraba manhaja zuwa ƙanana, kuma idan an rarraba, da gRPC za su riƙa magana da juna ko da REST, wato hanyoyi biyu da manhajoji ke bi wajen aika wa juna saƙo. Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin batutuwa biyu da ba su da alaƙa, alhali tushensu ɗaya ne: abin da ke faruwa idan wata manhaja ta roƙi wata manhajar da ke kan wata kwamfuta ta yi mata aiki.

Daga dunƙulalliyar manhaja zuwa ƙananan manhajoji

A tsarin da aka saba da shi a da, kamfani yakan gina manhaja guda ɗaya babba wadda ke ɗauke da komai, daga rajistar masu asusu zuwa lissafin kuɗi da aika saƙonni. Idan wani sashe na manhajar yana buƙatar wani abu daga wani sashe, kiran yana faruwa ne a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta guda, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma ko dai ya yi nasara ko manhajar ta faɗi baki ɗaya. Matsalar wannan tsari tana bayyana ne idan kamfani ya girma, domin ɗan gyara a sashen aika saƙo yana tilasta a sake ɗora dukan manhajar, kuma injiniyoyi ɗari suna taka ƙafar juna a wuri ɗaya.

Manyan kamfanoni irin su Amazon da Netflix sun bi wata hanya, suka yayyanka aikin zuwa ƙananan manhajoji masu zaman kansu, kowace da nata aiki guda, da nata rumbun bayanai, da tawagar da ke kula da ita. A watan Maris na 2014 James Lewis da Martin Fowler suka wallafa bayanin da ya fito da siffofin wannan tsari fili, kuma daga nan ya bazu a duniya. Amfaninsa a bayyane yake: ana iya gyara sashe ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba, ana kuma iya ƙara wa sashen da aiki ya yi wa yawa ƙarfi shi kaɗai. Sai dai kiran da a da yake faruwa a cikin kwamfuta guda yanzu dole ya bi ta waya ya je wata kwamfutar, ya jira amsa ta dawo.

Tura kuɗi daga banki zuwa banki misali ne da kowa ya sani. Idan mutum ya rubuta lambar asusu mai lambobi 10, sunan mai asusun ba ya fitowa daga wayarsa. Bankinsa ne ke aika tambaya ta hanyar kamfanin NIBSS, wanda ke haɗa bankunan Najeriya kuma ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take a 2011, shi kuma ya tambayi bankin da asusun yake. Bayan haka akwai duba ko kuɗin sun isa, da duba iyakar abin da aka yarda a tura a rana, da tantance ko akwai alamar zamba, da cire kuɗin, da aika umarnin a saka su a ɗaya bankin, da aika saƙon shaida. Kowane mataki kira ne daga wata manhaja zuwa wata, kuma kowannensu yana iya yankewa a tsakiya.

Kiran aiki daga nesa

Dabarar da ake kira RPC, wato kiran aiki daga nesa, ta girmi yawancin masu amfani da ita a yau. A 1984 Andrew Birrell da Bruce Nelson, waɗanda ke aiki a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, suka bayyana yadda za a sa mai rubuta manhaja ya kira aikin da ke kan wata kwamfuta da irin salon da yake kiran aikin da ke kan tasa. Ana ajiye wani ɗan guntun shiri a ɓangaren mai kira wanda ke yin kamar shi ne aikin. Idan aka kira shi, sai ya tattara bayanan da aka ba shi, ya mayar da su jerin lambobin da za su iya bin waya, ya aika. A can ɗaya ɓangaren wani guntun shirin yana karɓa, ya warware saƙon, ya miƙa wa ainihin aikin, sannan ya naɗe amsar ya mayar. Kamfanin Sun Microsystems ya gina tsarinsa na raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, NFS, a kan wannan dabara a tsakiyar shekarun 1980.

Kyawun dabarar shi ne tana ɓoye wa mai rubutu wahalar hanya, kuma a nan ne haɗarinta yake. Shekaru goma bayan aikin Birrell da Nelson, a 1994, Jim Waldo da abokan aikinsa uku a kamfanin Sun suka yi gargaɗin cewa kira na nesa ba zai taɓa zama daidai da kira na gida ba, komai ƙoƙarin da aka yi na kamanta su. Sun kawo dalilai huɗu, amma biyu ne suka fi shafar mutumin da ke tsaye gaban mai POS: jinkirin hanya, da kuma lalacewar wani sashe alhali sauran suna aiki.

Jinkiri ba abu ne da gwanintar injiniya ke iya kawarwa ba. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya a cikin wayar gilashi, kuma tsakanin Legas da Landan akwai kimanin kilomita 5,000, saboda haka zuwa da dawowa ba za su gaza kashi 50 cikin 1,000 na sakan ba ko da wayar miƙaƙƙiya ce, alhali ba miƙaƙƙiya ba ce. Idan aiki guda yana buƙatar kira ashirin a jere zuwa kwamfutocin da ke Turai, an riga an ci fiye da sakan guda kafin a yi wani lissafi. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, 'yan Najeriya da yawa sun ga yadda manhajojin banki suka daina amsawa duk da cewa rassan bankunan suna nan a buɗe.

Lalacewar sashe guda ita ce ta fi wuya, kuma tana kama da halin mutumin da ya ba ɗan aike kuɗi ya kai wa wanda yake bin sa bashi a Kasuwar Barci, yamma ta yi ɗan aiken bai dawo ba. Wataƙila bai isa ba, wataƙila ya isa bai tarar da mai shagon ba, wataƙila kuma ya biya kuɗin sarai, a hanyar dawowa ne wani abu ya tsare shi. Daga inda mai aiken yake zaune, duk ukun kamarsu ɗaya, domin shiru kawai yake ji. Idan ya sake tura wasu kuɗin, zai iya biya sau biyu. Idan ya ƙi, bashin zai iya kasancewa yana nan. Wannan shi ne ainihin halin da manhajar banki ke shiga idan ta aika umarnin saka kuɗi, lokacin jira ya ƙare, amsa ba ta zo ba. Ta riga ta cire kuɗin, kuma ba ta da hanyar sanin ko ɗaya bankin ya saka su sai ta sake tambaya.

Yarjejeniyar da ake rubutawa kafin a fara aiki

Kafin manhajoji biyu su yi magana, dole su yarda da siffar saƙon da za su riƙa musaya: wane bayani ne zai zo, wane iri ne, lamba ce ko rubutu, kuma wace amsa ake sa ran samu. Lamarin yana ƙara rikitarwa saboda wata tawagar tana rubuta manhajarta da harshen kwamfuta na Java, wata da Go, wata da Python, kuma kowane harshe da yadda yake ajiye bayanai a ƙwaƙwalwa. Maganin da aka samo shi ne wani ƙaramin harshe na musamman, wanda ake taƙaita sunansa da IDL, da ba a rubuta aiki da shi, sai dai a rubuta yarjejeniya: ga sunayen ayyukan da wannan manhaja ke yi, ga abin da kowanne ke karɓa, ga abin da yake mayarwa. Daga wannan fayil guda, wata manhaja mai fassara takan samar da guntayen shirye-shiryen aikawa da karɓa a kowane harshe da ake so, ta yadda ba sai mutum ya rubuta su da hannu ya yi kuskure ba.

An yi zamani da dama a wannan fanni. Tsarin CORBA ya fito a 1991 da nasa harshen yarjejeniya, ya yi tashe a manyan kamfanoni kafin nauyinsa da sarƙaƙiyarsa su sa a guje shi. Bayansa SOAP ya zo a wajejen 2000, yana naɗe saƙo cikin rubutun XML mai tsawo, kuma har yau tsofaffin tsare-tsaren bankuna da hukumomi da dama a kansa suke. Kamfanin Facebook ya saki nasa tsarin, Thrift, a 2007, daga baya ya koma hannun gidauniyar Apache. Google kuwa ya buɗe wa jama'a Protocol Buffers, wato nasa harshen yarjejeniya da hanyar naɗe saƙo, a 2008 bayan shekaru yana amfani da shi a cikin gida, sannan a 2015 ya fito da gRPC, wanda ke ɗaukar saƙonnin Protocol Buffers a kan HTTP/2, wato zubi na biyu na ƙa'idar da shafukan intanet ke tafiya a kanta.

Yadda Protocol Buffers ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna irin tunanin da wannan aiki ke buƙata. A cikin yarjejeniyar, kowane gurbin bayani yana da suna da kuma lamba. A saƙon tura kuɗi, misali, asusun mai karɓa zai iya zama gurbi na 1, adadin kuɗi na 2, bayanin dalilin turawa na 3. Abin da ke bin waya lambar ce tare da bayanin, sunan ba ya tafiya, shi ya sa saƙon yake fitowa ƙarami. Gurbi na 1 zuwa na 15 bayit ɗaya kacal, wato ɗan ƙaramin ma'aunin girman bayani a kwamfuta, suke ci wajen bayyana kansu. Idan bayan shekara guda aka ƙara gurbi na 4, tsohuwar manhajar da ba ta san shi ba za ta tsallake shi ta ci gaba da aikinta, kuma wannan ne ke ba tawagogi damar sabunta nasu sashen ba tare da jiran kowa ba. Amma idan wani ya goge gurbi na 3 sannan ya ba wani sabon bayani lambar 3, tsofaffin manhajoji za su karanta sabon abu da tsohuwar ma'ana, ba tare da wani ƙorafi ya fito ba. Saboda haka ne harshen ya tanadi hanyar killace lambar da aka daina amfani da ita don kada kowa ya sake ɗaukarta.

Akwai iyakar da ya kamata a fahimta a nan. Yarjejeniyar tana tabbatar da siffar saƙo, amma ba ta tabbatar da ma'anarsa. Za ta iya cewa gurbi na 2 cikakkiyar lamba ce, ba za ta hana wata tawaga ɗaukar lambar a matsayin naira ba alhali mai aikawa kobo yake nufi, kuma bambancin ninki 100 ne. Ƙwararru sukan ajiye kuɗi a matsayin cikakkiyar lamba ta kobo, su rubuta hakan a sunan gurbin, domin lambobi masu ɗigo suna kawo ƙananan kurakurai na lissafi a kwamfuta waɗanda ke taruwa a hankali.

Inda masana suka rabu

Masu goyon bayan gRPC suna kafa hujja da sauri da ƙanƙantar saƙo, da cewa kuskuren siffa yana fitowa tun lokacin haɗa manhaja kafin ta isa hannun jama'a, da kuma damar buɗe hanya guda a riƙa kwararo saƙonni ta ɓangare ɗaya ko ta ɓangarorin biyu. Suna kuma nuna cewa gRPC yana ba mai kira damar sa wa'adi a kan kiransa, kuma ana iya miƙa wa'adin ga kiran da ke biye, ta yadda idan wanda ya fara tambaya ya riga ya haƙura, sauran kwamfutoci ba za su ci gaba da wahala a banza ba.

Masu goyon bayan REST, salon da Roy Fielding ya bayyana a kundin digirinsa na uku a shekarar 2000, wanda a yau galibi ake haɗa shi da JSON, wani tsarin rubuta bayanai da haruffan da aka saba, suna cewa saƙon da mutum zai iya karantawa da idonsa ya fi sauƙin bincike idan matsala ta taso da tsakar dare. Kowace manhajar shiga intanet tana fahimtarsa kai tsaye, alhali gRPC yana buƙatar wani mai shiga tsakani kafin ya yi aiki daga shafin intanet. Shi ma ɓangaren REST yana da nasa harshen yarjejeniya, OpenAPI, ko da yake da yawa sukan rubuta shi ne bayan sun gama aiki, wanda hakan ke rage masa amfani. A aikace kamfanoni da yawa suna haɗa biyun, REST a ƙofar da ke fuskantar jama'a da abokan hulɗa, gRPC a tsakanin manhajojin cikin gida.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika saurara ba, masu cewa tun farko ba kowa ne ke buƙatar rarraba manhajarsa ba. A 2023 wata tawaga a sashen Prime Video na Amazon ta bayyana cewa ta mayar da tsarinta na sa ido kan ingancin bidiyo daga rarrababben tsari zuwa dunƙulalle, kuma kuɗin gudanar da shi ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Wannan sashe guda ne a cikin babban kamfani, bai kamata a mayar da shi hukunci a kan kowa ba, amma darasinsa ya dace da yanayinmu. A ganina, matasa uku da ke gina manhajar karɓar kuɗin makaranta ko ta sayar da kayan gona a Kaduna, waɗanda ke biyan hayar kwamfutocin waje da dala, ba su da dalilin yayyanka aikinsu gida goma sha biyu don kawai Netflix ya yi haka. An ƙirƙiro rarrabawar ne don magance cunkoson ɗaruruwan injiniyoyi, kuma wanda ba shi da wannan cunkoson yana ɗaukar wa kansa jinkiri da yankewar hanya ne ba tare da ya sami ribar ba. Abin da ya kamata su ɗauka tun ranar farko shi ne ɗabi'ar rubuta yarjejeniya a fili tsakanin sassan aikinsu, ko da duk suna cikin manhaja guda.

Abin da ake yi da shirun hanya

Babu harshen yarjejeniya ko tsarin kira da ke kawar da matsalar shiru. Abin da ake iyawa shi ne a shirya mata. Mataki mafi muhimmanci shi ne a ba kowace buƙata lambar shaida tata ta kanta, wadda mai karɓa zai ajiye. Idan saƙo mai wannan lamba ya sake zuwa, mai karɓa zai gane cewa ya riga ya yi aikin, sai ya mayar da amsar farko maimakon ya sake saka kuɗi. Da wannan ne maimaita kira ke zama abu marar haɗari. Doguwar lamba mai lambobi 30 da ke fitowa a rasit ɗin tura kuɗi tsakanin bankuna ita ce ke bambanta kowace turawa da sauran, kuma da ita banki ke sake tambayar matsayin turawar da amsarta ba ta dawo ba.

Maimaita kira ma yana da nasa ladabin. Idan wata manhaja ta fara jinkiri saboda aiki ya yi mata yawa, kuma duk masu kiranta suka riƙa maimaitawa nan take, sai su ninka mata nauyin da ya riga ya fi ƙarfinta har ta durƙushe. Shi ya sa ake tsara cewa kowane maimaici ya jira fiye da na baya, kuma idan gazawa ta yi yawa a dakatar da kiran gaba ɗaya na ɗan lokaci. A ƙarshen wata, lokacin da albashi ya shiga, ko a jajibirin Sallah, ɗimbin mutanen da ke danna maɓallin turawa sau biyar a jere suna yin irin wannan ninkawar da hannunsu.

Sannan tun da kowane banki da nasa rumbun bayanai, ba za a iya cire kuɗi a nan a saka a can cikin numfashi guda ba. Ana yin matakan ne ɗaya bayan ɗaya, kuma idan na gaba ya gaza, sai a yi wani aikin da zai warware na baya. Mayar da kuɗi da mutane ke jira bayan turawa ta gaza shi ne wannan warwarewar, kuma yana ɗaukar lokaci saboda dole a fara tabbatar da cewa kuɗin ba su shiga can ba.

Abin da ya shafi mai saye da mai sayarwa

Fahimtar wannan tana canja yadda ya kamata a yi idan kuɗi suka maƙale. Saƙon cirewa shaida ce kawai cewa matakin farko ya faru, shi ya sa mai shago da ya ƙi sakin kaya har sai ya ga kuɗi a nasa asusun yana da hujja, ba rashin yarda da mai saye ba ne. Shi kuma mai saye, sake turawa nan take sabuwar buƙata ce mai sabuwar lambar shaida, saboda haka babu abin da zai hana duka biyun su shiga. Abin da ya fi amfani shi ne ya ajiye rasit mai ɗauke da doguwar lambar, ya kai ƙorafi bankinsa da ita, domin da ita ake bin sawun turawar.

Hukuma ma ta sa wa'adi. A watan Yuni na 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna da su mayar da kuɗin da na'urar ATM ta wani banki ta cire ba ta bayar ba cikin sa'o'i 48, na POS da na sayayya ta intanet kuma cikin sa'o'i 72, kuma wanda bankinsa bai warware masa ba yana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin. Wannan yana nuna cewa kalmar "netwok" ba ta wanke kowa daga alhaki. Yankewar hanya abu ne da aka san zai faru, kuma aikin wanda ya gina tsarin ne ya tanadi abin da za a yi bayanta.

Yawan waɗannan kiraye-kirayen ƙaruwa zai yi. A watan Maris na 2023 Babban Bankin ya fitar da ƙa'idojin buɗaɗɗen tsarin banki, wanda ke ba wasu kamfanoni damar karɓar bayanan asusun mutum daga bankinsa idan ya amince, kuma hakan ba zai yiwu ba sai bankuna da kamfanonin sun yi aiki da yarjejeniyar saƙo iri ɗaya. Matashin da ke koyon wannan sana'a a Kaduna zai tarar da cewa haɗa manhajarsa da ta banki ko ta kamfanin biyan kuɗi shi ne babban ɓangaren aikinsa, kuma kafin ya rubuta layin farko yana buƙatar amsar tambayoyi uku daga takardun abokin hulɗarsa: tsawon lokacin da zai jira amsa, ko maimaita kira zai iya jawo biya sau biyu, da kuma hanyar da zai bi ya tambayi matsayin buƙatar da amsarta ta ɓace.